Shin da kuɗi ƙungiyar NRA ta saye 'yan majalisar Amurka?

Tambaya: Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a wata makaranta a Amurka, sai mu ji ana cewa ƙungiyar masu kare 'yancin riƙe bindiga, wato NRA, ita ce ta hana a yi doka, wai ta saye 'yan majalisa. Nawa take kashewa, ta wace hanya, kuma me ya sa ba a kama kowa da laifin cin hanci?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗi na ciki ba shakka, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Idan ka buɗe takardun da doka ta tilasta wa NRA ta riƙa miƙa wa hukuma, za ka tarar abin da take bai wa 'yan takara hannu da hannu bai taka kara ya karya ba a ma'aunin siyasar Amurka. Ɗan majalisa ba don abin da za ta ba shi yake bin ta ba. Yana bin ta ne saboda tsoron abin da za ta yi masa ranar zaɓe in ya saɓa mata, kuma mafi yawan kuɗin da take kashewa na raya wannan tsoron ne. Bari mu bi sawun kuɗin tukuna.

Akwai gudummawa ta kai tsaye. A dokar tarayyar Amurka, kamfani ko ƙungiya irin NRA ba ta da ikon ɗebo kuɗi daga baitulmalinta ta miƙa wa mai neman kujerar tarayya. Sai dai ta buɗe wani asusu na daban, mambobi su riƙa zuba masa kuɗi da son ransu, asusun kuma ya bayar. NRA ta buɗe nata a 1976, sunansa Political Victory Fund. An kuma yi wa irin wannan asusu iyaka: dala 5,000 ga ɗan takara ɗaya a zaɓe ɗaya. Da yake ana lissafa zaɓen fid da gwani daban, babban zaɓe daban, iyakar abin da mutum zai samu dala 10,000 ne. To ka auna wannan da takarar sanata a jihar da ake fafatawa, inda ɗan takara ɗaya kan tara sama da dala miliyan 50. A kakar zaɓen 2016 duk abin da NRA ta raba ta wannan hanya kimanin dala miliyan ɗaya ne, a tsakanin ɗaruruwan 'yan takara. Babu sanatan da zai sayar da ƙuri'arsa a kan wannan.

Akwai kuma kamun ƙafa a majalisa, wanda a can sana'a ce mai rajista. Dokar 1995 ta wajabta wa masu wannan aiki su yi rajista, kuma yanzu kowane wata uku sai sun bayyana abin da aka kashe da ƙudurorin da suka bi. Reshen NRA mai wannan aiki shi ne Institute for Legislative Action, wanda aka kafa a 1975, ana taƙaita sunansa ILA. A yawancin shekarun 2010 abin da take kashewa a matakin tarayya yana kai wa da kawowa ne a wajen dala miliyan 3 a shekara, sai 2017 da ya haura miliyan 5. Kamfanonin magunguna da kayan asibiti suna kashe sama da dala miliyan 300 a shekara a wannan fage, babbar ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar kuwa, ita kaɗai, sama da miliyan 60. Da yawan kuɗin kamun ƙafa ake auna ƙarfi, da NRA ko sahun gaba ba za ta shiga ba.

Babban kuɗin yana hanya ta uku, wadda ba ta bi ta hannun ɗan takara kwata-kwata. Ƙungiya takan sayi talla a talabijin da rediyo da intanet, ta buga wasiƙu, ta ɗauki masu buga waya, ta ce a zaɓi wane ko kada a zaɓi wane, da sharaɗin ba ta haɗa baki da ɗan takarar ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United ya bai wa kamfanoni da ƙungiyoyi damar yin irin wannan kashe kuɗi daga baitulmalinsu ba tare da iyaka ba. A 2016 NRA ta kashe kimanin dala miliyan 54 ta wannan hanya. Sama da miliyan 30 daga ciki sun tafi ne a takarar shugaban ƙasa, kuma kaso mafi tsoka na sukar Hillary Clinton ne, ba na yabon Donald Trump ba. Ta zuba sama da miliyan 6 a jihar North Carolina kaɗai don Sanata Richard Burr ya koma kujerarsa. Mafi yawan kuɗin wannan shekarar ya fito ne ta ILA, wadda doka ba ta tilasta mata bayyana sunayen masu ba ta gudummawa ba, don haka jama'a sun san nawa aka kashe amma ba su san aljihun wa ya fito ba. Wannan ɓoyon yana daga cikin abubuwan da suka fi damuna a tsarin gaba ɗaya.

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Bayan kowane hari akan yaɗa jerin sunayen sanatoci a Facebook da X, kowa da adadin da aka ce ya karɓa daga NRA, kuma lokacin da Mitt Romney yake sanata, sau da yawa shi ne a sama da fiye da dala miliyan 13. Ba a hannu ya karɓa ba. Kusan duka kuɗin talla ne da ƙungiyar ta kashe lokacin da ya kara da Barack Obama a takarar shugaban ƙasa ta 2012. Ya amfana, wannan gaskiya ne, amma amfana da talla daban, karɓar kuɗi daban, kuma a idon doka wannan bambancin shi ne komai.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta cin hanci. A dokar Amurka, sai an nuna cewa an ba jami'i wani abu mai daraja a madadin wani takamaiman aiki na ofishinsa sannan za a kira shi cin hanci. Irin haka ya faru da Sanata Bob Menendez na New Jersey, wanda aka samu da laifi a 2024 bayan an gano tsabar kuɗi da sandunan zinariya a gidansa. Abin da NRA take yi bai shiga wannan ma'ana ba. Kai koke ga hukuma haƙƙi ne da gyara na farko na kundin tsarin mulki ya kare, kotuna kuma suna ɗaukar kashe kuɗi a kan tallan siyasa a matsayin faɗin albarkacin baki. An sha kai ƙorafi cewa ƙungiyar tana haɗa baki da 'yan takara a fakaice ta hanyar amfani da kamfanonin talla guda, sai dai hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓe, FEC, an gina ta ne da kujeru shida, jam'iyya ɗaya ba ta wuce uku, kuma sai da ƙuri'a huɗu ake ɗaukar mataki. Ka ga ke nan a kan duk wani batu mai zafi, uku da uku ake tashi.

To daga ina ƙarfin yake fitowa in ba daga yawan kuɗi ba? Sai an koma baya kaɗan. An kafa NRA a New York a 1871, wasu tsoffin hafsoshi biyu na yaƙin basasar Amurka, William Church da George Wingate, suka kafa ta saboda takaicin yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. Ta shafe kusan shekara ɗari tana koyar da harbi da farauta, har ma ta ba da haɗin kai wajen tsara dokar bindiga ta 1934. Dokar 1968, wadda aka yi bayan kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, ita ce ta raba kan 'yan ƙungiyar. Shugabannin lokacin sun so su janye jiki daga siyasa, har sun shirya ɗauke hedkwata daga Washington zuwa Colorado. A babban taron shekara na 1977 a birnin Cincinnati, masu tsattsauran ra'ayi suka zo a shirye, sanye da huluna ruwan lemo don su gane juna a cikin zaure. Aka kwana ana jefa ƙuri'a har kusan asuba, aka sauya dokokin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, aka tuɓe shugabanni, aka ɗora Harlon Carter. Aƙidarsa ita ce ba sassauci ko na taku ɗaya, domin a ganinsa kowace ƙaramar doka share fage ce ga ƙwace bindiga. Shekara uku bayan haka, a 1980, NRA ta goyi bayan ɗan takarar shugaban ƙasa a karon farko a tarihinta, Ronald Reagan.

Makamin da suka ƙera daga nan shi ne maki. Kowane ɗan takara, daga majalisar jiha har ta tarayya, akan aika masa da takardar tambayoyi, a duba yadda ya jefa ƙuri'a a baya, a ba shi maki daga A+ zuwa F kamar ɗan makaranta. Kafin a kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙuduri, masu kamun ƙafar ILA sukan sanar da ofisoshin 'yan majalisa cewa wannan ƙuri'a za ta shiga lissafin maki. Sau da yawa wannan sanarwar kaɗai ta isa. Ana saura kwanaki zaɓe kuma sai wani kati ruwan lemo ya faɗo a akwatin wasiƙar kowane mamba, ɗauke da sunan wanda ƙungiya take so a mazaɓarsa. Ƙungiyar ta daɗe tana cewa mambobinta sun kai miliyan biyar, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 330. Ba su da yawa, amma irin mutanen nan ne da a kan batu ɗaya suke zaɓe, suna buga waya ofishin ɗan majalisa, suna cika zauren taron gari, kuma kowannensu yana da abokan farauta da na filin harbi da suke jin maganarsa.

Ya kamata a yi wa mutanen nan adalci. Yawancinsu ba 'yan ta'adda ba ne kuma ba 'yan amshin shatan kamfani ba ne. Akwai manomin da ɗan sanda mafi kusa da shi yake da nisan tafiyar rabin awa a mota, akwai wanda ya gaji bindigar farauta daga kakansa, akwai macen da take zaune ita kaɗai. Sun yi imani da gaske cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya ba su wannan haƙƙi. Aikin da kuɗin NRA ya yi shi ne ya riƙa shaida musu, wata bayan wata, ta mujallu da wasiƙun neman gudummawa, cewa ana dab da ƙwace musu shi. Wani lokaci harshen ya wuce gona da iri: a 1995 tsohon shugaban ƙasa George Bush babba ya ajiye katinsa na mamba na har abada saboda wata wasiƙa da ta kwatanta jami'an tsaron tarayya da 'yan daba.

Inda wannan runduna ta fi cizo shi ne zaɓen fid da gwani, domin mutane kaɗan ne suke fitowa, 'yan dubbai na iya juya sakamako. Dubi abin da ya sami Debra Maggart a jihar Tennessee. 'Yar Rifablikan ce, tana cikin shugabannin jam'iyyarta a majalisar jiha, mamba ce a NRA, makinta A+. A 2012 aka kawo ƙudurin da zai ba ma'aikata damar ajiye bindiga a cikin motocinsu a harabar wurin aiki ko da mai kamfani bai yarda ba. 'Yan kasuwa suka ƙi, shugabannin majalisa suka jingine ƙudurin, ita ma tana cikinsu. Sai NRA ta sauke makinta, ta goyi bayan wata sabuwar 'yar takara, Courtney Rogers, ta kafa manyan allunan talla a mazaɓar da hoton Maggart gefe da gefe da na Obama, a yankin da sunan Obama kaɗai ya isa ya kayar da mutum. Ta sha kaye. Shekara ta zagayo majalisar ta zartar da dokar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: da ɗan abin da aka kashe a mazaɓa ɗaya aka ja kunnen 'yan majalisun jihohi da dama.

A matakin tarayya darasin da ya zauna a zukatan 'yan siyasa shi ne na 1994. Gwamnatin Bill Clinton ta yi dokar Brady a 1993, wadda ta kawo binciken tarihin mai sayen bindiga a shagunan da ke da lasisi, sannan a 1994 ta haramta wasu bindigogi masu kama da na yaƙi na tsawon shekara goma. A zaɓen Nuwamban wannan shekara 'yan Dimokurat suka rasa Majalisar Wakilai bayan shekara 40 tana hannunsu, har kakakin majalisa Tom Foley ya faɗi a mazaɓarsa. Dalilan faɗuwar suna da yawa, masana kuma har yau suna jayayya kan girman rawar da bindiga ta taka, amma Clinton da kansa ya ɗora wa NRA kaso babba na alhakin, kuma abin da 'yan siyasa suka yarda da shi ya fi tasiri a kan abin da masana suka auna. Da wa'adin haramcin ya cika a 2004, aka bar shi ya mutu.

Sai ka haɗa wannan da yadda aka gina Majalisar Dattawa. Kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 daidai take da Kalifoniya mai kusan miliyan 39, kuma yawancin ƙudurori sai sun sami ƙuri'a 60 cikin 100 kafin su wuce. Ma'ana, sanata 41 daga jihohin karkara sun isa su toshe komai. An ga haka ƙarara bayan harin makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012, inda aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da ma'aikata shida. Sanata Joe Manchin na Dimokurat da Pat Toomey na Rifablikan, dukansu masu makin A, suka kawo ƙuduri mai sauƙi na faɗaɗa binciken mai saye zuwa kasuwannin baje kolin bindiga da cinikin intanet. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna kusan kashi 90 cikin 100 na Amurkawa suna goyon baya. NRA ta ce za ta saka ƙuri'ar a maki. A watan Afrilun 2013, iyayen yaran suna zaune a saman zaure suna kallo, ƙudurin ya sami 54, ya gaza kai wa 60. Cikin 'yan Dimokurat da suka ƙi shi har da Mark Pryor na Arkansas, kuma hakan bai cece shi ba: a 2014 NRA ta mara wa abokin hamayyarsa Tom Cotton baya, ya faɗi.

Game da inda ƙungiyar take samun kuɗi, akwai maganar da ake yawan yi cewa ita kawai bakin kamfanonin ƙera bindiga ce. Kamfanonin suna bayarwa, ta gudummawa da tallace-tallace a mujallunta da shirin da mai saye yake ƙara 'yan canji a kan kuɗin kaya don ƙungiya. Amma a shekarun da kuɗin shigarta yake haura dala miliyan 300, ginshiƙin shi ne kuɗin mambobi, wanda bai kai dala 50 a shekara ba, da ƙananan gudummawarsu. Kuma an taɓa gwada wa ke riƙe da wa. A shekarar 2000 kamfanin ƙera bindiga na Smith & Wesson ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Clinton kan sanya makulli a bindigogi da tsaurara sharuɗɗan dillalai. NRA ta yi tir da shi, masu saye suka ƙaurace, ciniki ya faɗi warwas, a 2001 aka sayar da kamfanin a kan dala miliyan 15, alhali masu shi sun saye shi sama da miliyan 100 a 1987. Tun daga nan kamfanoni suka shiga taitayinsu.

Abin da duk wannan ya saya ba hana sabuwar doka kaɗai ba ne, kuma a nan nake ganin ɓarnar ta fi yawa. Dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. Sakamakon haka, cibiyar bin sawun bindigogi ta ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da ke Martinsburg a West Virginia, tana karɓar takardun shagunan da suka rufe a cikin kwalaye, ma'aikata suna ɗaukar hotonsu, amma ba a yarda su mayar da su rumbun kwamfuta da za a binciki suna a ciki ba. Idan ɗan sanda ya tsinci bindiga a wurin kisa, sai a kira kamfanin da ya ƙera, shi ya faɗi babban dillali, shi kuma ya faɗi shago, sannan wani ya zauna yana buɗe shafi bayan shafi. A 1996, bayan wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ɗauki nauyinsa ya nuna ajiye bindiga a gida yana tafiya da ƙarin haɗarin kisa a gidan, majalisa ta zare dala miliyan 2.6 daga kasafin hukumar, daidai abin da ta kashe a binciken bindiga, ta kuma saka sharaɗin da ake kira gyaran Dickey. Sharaɗin bai haramta bincike a fili ba, amma kowa ya gane hannunka mai sanda, aka shafe sama da shekara 20 kusan babu kuɗin tarayya a wannan fanni, sai a ƙarshen 2019 aka ware dala miliyan 25. Shi kansa Jay Dickey, ɗan majalisar da ya kawo sharaɗin, ya fito ya yi nadama kafin rasuwarsa. Wannan a ƙasar da bindiga ta kashe mutum sama da 48,000 a 2021, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Mutum zai iya kare haƙƙinsa na riƙe makami da hujja, ina kuma girmama wannan, amma hana a ƙirga gawa da binciken sanadinta ba kare haƙƙin kowa ba ne.

Sai dokar 2005 da George Bush ƙarami ya sa wa hannu, wadda ta kare kamfanonin bindiga daga yawancin ƙararraki idan an yi ɓarna da kayansu. Da ita Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar da ƙasar Meziko ta shigar a kan kamfanonin a 2025. A jihohi ma aikin ya fi tafiya cikin sauri: Marion Hammer, wadda ta daɗe tana kamun ƙafa a Fulorida kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci NRA, ita ce ƙashin bayan dokar 2005 da ta ba mutum damar yin harbi don kare kai ba tare da ya fara neman hanyar gudu ba, jihohi da yawa kuma suka kwafa. Yau fiye da rabin jihohi 50 suna barin mutum ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba.

Miliyoyin 2016 kuwa, kotu aka saya da su, a ma'anar siyasa. A 2008, a shari'ar Heller, alƙalan Kotun Ƙoli biyar cikin tara suka yanke cewa riƙe bindiga haƙƙin mutum ne shi kaɗai, ba sai yana cikin rundunar sa-kai ba. Antonin Scalia da ya rubuta hukuncin ya rasu a Fabrairun 2016, kujerarsa tana nan babu kowa har zaɓe. Duk wanda ya ci shi zai cike ta. Shi ya sa NRA ta rungumi Trump tun watan Mayu, lokacin da manyan masu kuɗin jam'iyyarsa suke ɗari-ɗari da shi. Ya naɗa alƙalai uku, kuma a Yunin 2022, a shari'ar Bruen da reshen ƙungiyar na New York ya shigar, alƙalai shida suka ce ɗaukar bindiga a wajen gida ma haƙƙi ne, kuma duk dokar bindiga sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar ta tarihi.

Akwai wurin da wannan siyasa ta taɓa mu. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai, wadda take neman ƙasashe masu sayarwa su tantance inda kayansu za su ƙare. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. Gwamnatin Obama ta sa hannu, NRA ta yi ta yaƙar ta da cewa za ta taɓa haƙƙin Amurkawa a cikin gida, Majalisar Dattawa ba ta taɓa tabbatar da ita ba, a Afrilun 2019 kuma Trump ya sanar da janyewa a kan dandamalin taron NRA a Indianapolis. Ba ina cewa bindigogin da ke hannun 'yan bindigar Zamfara ko na yankin Tillaberi daga shagunan Amurka suke ba. Yawancinsu samfurin Kalashnikov ne da suka biyo wasu hanyoyi, ciki har da rumbunan Libiya bayan 2011. Amma yarjejeniyar da ƙasar da ta fi kowa sayar da makamai a duniya ta juya wa baya ta rasa kaso babba na nauyinta.

A wannan taron na Indianapolis ne kuma rikicin cikin gida ya fito fili. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Oliver North, ya yi karo da Wayne LaPierre, wanda yake riƙe da ragamar gudanarwa tun 1991, aka kuma fara jin labarin jiragen haya, tafiye-tafiye zuwa Bahamas da tufafin ɗaruruwan dubban daloli da aka biya da kuɗin mambobi. Babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta shigar da ƙara a 2020. Ƙungiyar ta nemi mafaka a kotun fatarar kuɗi a Texas a 2021, alƙali ya kore ta. LaPierre ya sauka a Janairun 2024, wata guda bayan haka masu taya alƙali hukunci suka ce ya jawo wa ƙungiyar asarar dala miliyan 5.4. Mambobi sun ragu, kuɗin lauyoyi ya cinye kaso mai yawa, abin da ta kashe a zaɓen 2020 bai fi kusan rabin na 2016 ba, na 2024 kuma ya ƙara yin ƙasa sosai. A ɗaya gefen, attajiri Michael Bloomberg ya kafa Everytown, ƙungiyar neman tsaurara dokar bindiga, a 2014 da alkawarin dala miliyan 50, kuma a zaɓen 2018, bayan harin makarantar Parkland, masu neman tsaurara doka sun fi NRA kashe kuɗi.

Wannan ne ya fi komai nuna cewa ba kuɗin ne asalin ƙarfin ba. Aljihun NRA ya yi rauni, abokan hamayyarta sun yi kuɗi, amma abin da ya sauya a dokar tarayya kaɗan ne. Bayan kashe yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde na Texas a Mayun 2022, an yi doka ta farko mai ɗan nauyi cikin kusan shekara 30, sanatocin Rifablikan 15 suka goyi baya duk da adawar NRA. Ta tsaurara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta ba jihohi kuɗi don shirye-shiryen karɓe bindiga na ɗan lokaci daga wanda kotu ta ga yana da haɗari. Ba ta taɓa bindigogi masu kama da na yaƙi ba, ba ta kuma wajabta bincike a kan kowane ciniki tsakanin mutum da mutum ba. Matsayin NRA ya riga ya zama matsayin jam'iyyar Rifablikan, ɗan takara ba ya buƙatar a tuna masa. Ƙungiyar masu masana'antar bindiga, NSSF, ta wuce NRA a kuɗin kamun ƙafa a Washington a 'yan shekarun nan, ƙungiyoyi irin Gun Owners of America da suke ganin NRA ta cika sassauci suna ta jan mambobi, kuma duk wata dokar da jiha ta yi yanzu sai ta je ta tsallake ma'aunin Bruen a gaban alƙalan tarayya, waɗanda ba su da wa'adin sauka daga kujera.